Orval Haugen, Mai Sauraron Yadda Inji Ke Mutuwa

Ƙarfe shida da rabi na kowace safiyar Asabar tsohuwar a-kori-kurar Orval Haugen take tsayawa a bakin rumfar jiragenmu na sama. Kafin ya gaisa da kowa sai ya ɗora tukunyar kofi, kofin nan nasa da maƙwabcinmu Clete Bauer ya rantse da shi ake wanke kafireta. Daga nan ya taka filin ciyawar tun daga shingen gonar masara har bakin rafi, yana shure tulin ƙasar da ɓeraye suka tono cikin mako. In ya dawo sai ya cire hula ya tsaya jim, yana jin iskar a fuskarsa, sannan ya ɗauki alli ya rubuta a allon da ke jikin ƙofa. Ranar sanyi ya rubuta cewa iska ta yi kauri, a bar wa inji mansa cikakke. Ranar zafi kuwa ya rubuta: "Iska ta yi shara-shara. In kun hau sama ku rage mai." Yana gamawa sai ya kifa farin bokitinsa ya zauna a kai, ya juya wa jirage baya, ya rufe ido.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Watan jiya ya ajiye allin, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu nan ba masu sayen jirgi ba ne. A gareji muke ƙera su, ko a rumbun ciyawa, wani shekara biyar, wani goma sha biyar, iyali suna ƙorafin an hana mota wurin kwana. Ranar da aka gama, sai a kafa ɗan ƙarfe a jikin jirgin a buga sunan wanda ya ƙera. Jirage talatin da bakwai suka yi tashinsu na farko daga wannan fili namu na jihar Wisconsin a Amurka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ke ɗauke da sunan Orval. Kuma babu ko ɗaya da ya raba taya da ciyawa sai da Orval ya gyaɗa kai.

Abin dariya, shi kansa bai taɓa tashi ba. Ko tsani ya hau, jiri ke kwasarsa. Aikinsa na yau da kullum gyaran tarakta ne da motocin ɗaukar madara, har ya tsufa a kai. In aka tsokane shi sai ya ce, "Ku dai ku je ku dawo. Ai sai da wanda zai tsaya a ƙasa ya tsince ku."

Abin da yake koya wa kowane sabon maƙeri bai taɓa canzawa ba. "Inji ba mai kaɗai yake sha ba," in ji shi. "Mai ne da iska, kamar garin fanke da madara. In mai ya yi yawa, sai ya shaƙe. In ya yi kaɗan, sai ya yi zafi ya cinye kansa." Zai kwance fulogi ya miƙa maka ka duba bakinsa. Baƙi da toka, ka cika masa ciki. Fari fat, kana horar da shi da yunwa. Launin gasasshen burodi yake so ya gani. Amma gwaninta ta Orval ba a ido take ba. Kowa yana sauraron inji sa'ad da yake ruri, shi kuwa sauraron mutuwarsa yake yi. Zai ce ka bar injin yana tafiya a hankali, sannan ka jawo jan maɓallin nan da ke rage mai, kaɗan-kaɗan, har ya mutu. Inji mai lafiya yakan ɗan ɗaga murya kafin ya yi shiru. Orval yana kiran wannan sallama. In ya mutu bai yi sallama ba, mai bai ishe shi ba. In kuma ya yi ta dogon ban-kwana, ya yi masa yawa. Sai ya tashi daga bokitin, ya murɗa ɗan kusar kafireta rubu'in juyi, ya koma ya zauna, ya ce a sake.

Clete, mai shanun madara da gonarsa ke jikin filinmu, shi ya fi kowa ba da labarin Orval, kuma duk shekara bishiyoyin da jirginsa ya kusa gogawa suna ƙara tsawo a labarin. Abin da dai duk muka shaida shi ne, wata Asabar cikin Yuli yana kewaya fili da ɗan jirginsa mai ruwan ɗorawa, sai injin ya fara tari. Orval bai ko ɗaga kai ba, ya miƙa hannu ya ɗauki rediyo.

"Clete, mai ya yi masa yawa. Jawo jan maɓallin, a hankali."

"Orval, mutuwa fa yake yi! Ka ce in ƙara rage masa?"

"Ba mutuwa yake ba, shaƙewa yake. Jawo. Ƙara. To, tsaya nan. Cire hannunka, ka zo ka sauka, kofinka na hucewa."

Injin ya gyara murya, Clete ya sauka lafiya. Da aka buɗe kafiretar sai aka ga ɗan tulun da ke tsayar da mai in ya cika ya huje ya nutse, mai yana ta kwarara ba birki. Clete ya taho da hannuwa a buɗe zai rungume shi, Orval ya ce ya fara zuwa gida ya canza wando tukuna.

Amma ni, Jolene Zastrow, ba labarin Clete ya kawo ni ba. Akwai saƙo a hannuna shekara tara ke nan, kuma sai na faɗi yadda aka yi ya zo hannuna kafin in miƙa shi.

Mahaifina Norbert kafinta ne, abokin Orval tun suna firamare, kuma ban taɓa jin sun kira juna da suna mai daɗi ba. Kullum da jan fensir a bayan kunnensa, gindin duk a tauna. Shekara goma sha biyu yana ƙera jirginsa na katako da yadi a garejinmu, sai shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a keken guragu. Shi ya koya mini tuƙin jirgi, don haka ni na ƙarasa aikin, shekara biyu, yana zaune yana yi mini gyara da hannun da ya rage masa. Muna dab da gamawa zuciyarsa ta fara gazawa. Cikin Agusta likita ya ja ni gefe ya ce kada mu yi shirin Kirsimeti da shi. Baba bai roƙe ni komai ba sai abu ɗaya: ya ga jirgin nan a sama da idonsa.

Na sa rana, Asabar ta biyu ta Satumba, ranar karin kumallon fanke, lokacin da duk garin ke zuwa fili. An soya fanke, yara suna guje-guje, an turo Baba gaba an lulluɓe masa ƙafa da bargo. A karo na farko na cika tankin taf. Bisa dokar Orval muka ɗaure wutsiyar jirgin a turke, na ba injin wuta har ƙarshe na tsawon minti biyu, sannan na sassauta, na jawo jan maɓallin ya mutu. A kunnena ban taɓa jin kiɗa mai daɗi irin wannan ba. Jama'a suka yi tafi. Orval yana kan bokiti, idonsa a rufe.

"Ba yau ba," ya ce.

Na ɗauka wasa yake. "Me ka ji?"

"A ƙarshen minti na biyu muryarsa ta sirance. Kuma ya mutu bai yi sallama ba."

"Satin jiya da bakinka ka ce ya yi!"

"Satin jiya ya yi. Yau bai yi ba. Wani abu ya canza, kuma ban san mene ne ba."

Duk wanda ya san ni ya san ba ni da dogon haƙuri, ranar kuwa ko ɗan abin da nake da shi bai zo fili da ni ba. A gaban jama'a na ce masa, "Kai da ba ka taɓa raba ƙafarka da ƙasa ba, kai za ka hana ni tashi? Dubi mutumin nan! Kana ganin yana da wata Asabar ɗin?" Na juya zan kwance igiyar wutsiya. Orval ya tashi, ya ɗauki bokitinsa, ya kai shi gaban farfela, ya kifa, ya zauna.

Baba ya yi ƙoƙari ya ɗaga murya. "Orval, tsohon jaki, matsa daga nan."

"Norbert, shekara sittin kana ce mini jaki. Yau ka ga aikin jaki."

Na faɗi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na ce, "In ya mutu bai gani ba, kai ne." Na ga kalmar ta shige shi. Amma bai matsa ba. Taro ya watse a sanyaye, kuma da la'asar ɗin nan numfashin Baba ya sarƙe, muka kai shi asibiti.

Orval, ban taɓa tambayarka yadda ka yi da wannan labarin ba. Abokinka na shekara sittin yana kwance da bututu a hanci, 'yarsa ta ɗora maka laifi tun kafin abin ya faru, kuma duk hujjar da kake da ita wata 'yar sirancewar murya ce da ba wanda ya ji sai kai. Da ka yi kuskure, da ba inda za ka sa kanka a garin nan. Ka sani, kuma ka zauna a kan bokitin.

Ranar Lahadi ana tashi daga coci na tarar da Orval a ƙofar gidanmu. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba.

"Ɗauko bokiti mai tsabta da agogo," ya ce. "Za mu sa jirgin a rami."

Haka muke yi a nan. Ana tura jirgi bakin lambatu a saukar da wutsiyarsa ciki, hancinsa ya kalli sama kamar yana hawa. Sai a cire bututun mai daga kafireta a sa a bokiti, a ga ko mai zai zubo yadda inji ke buƙata. Clete ya zo ya taya mu turawa.

"Na riga na yi wannan gwajin," na ce. "Ya zuba kamar famfo."

"Minti nawa?"

"Ɗaya."

"Mai nawa ne a tanki?"

"Kaɗan, yadda littafi ya ce."

"Murfin tankin fa?"

A buɗe yake ranar, don mazurari na ciki.

"Da murfi a buɗe za ki tashi, yarinya?" Ya hau taya da ƙyar, yana riƙe da kafaɗar Clete saboda jiri, ya murɗa murfin da hannunsa ya rufe gam. "Buɗe mai. Fara ƙirga."

Minti na farko mai ya zubo kaurin yatsa. Na dube shi, har na fara shirya abin da zan faɗa. Minti na biyu ya ragu. Na uku ya koma kamar zare. Kafin na huɗu ya cika sai ɗiga, ɗis, ɗis, ya tsaya cak, alhali tankin a cike yake. Orval ya ce wa Clete ya sassauta murfin. Muka ji tankin ya ja numfashi, fuuu, mai ya dawo da ƙarfinsa.

"Tanki ma numfashi yake," in ji Orval. "In mai ya fita, sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Wannan an toshe masa hanci. Da can kina zuba mai kaɗan, iskar da ke ciki tana rufa miki asiri. Jiya kika cika shi."

Ya laluba ƙarƙashin fiffike ya kamo ɗan siririn bututun da tanki ke shaƙar iska ta cikinsa. Ya hura, bai wuce ba. Ya kwance shi, ya zura waya ta baya ya tura. Wani abu ya faɗo a tafin hannunsa. Guntun jan fensir ne, an fiƙe shi, da sawun haƙora a jiki.

Ba wanda ya buƙaci bayani. Duk mai ƙera jirgi a rumbu ya san zanzaro: ka bar rami a buɗe sati ɗaya, ya cika maka shi da laka. Don haka kowa yana toshe bututunsa da abin da ya samu, da niyyar cirewa in an gama. Baba ya toshe nasa shekaru da suka wuce. Kan fensirin da ya leƙo waje ya karye, wataƙila garin ɗaukar fiffiken, ciwo ya zo ya ɗauke masa tunanin, ni kuma na zo na fesa fenti a kai.

Na dubi ƙarshen fili. Minti uku bayan tashi, da ina can bisa dajin da ke hayin rafi, hanci a sama, ba gona ba hanya. Kuma da Baba yana zaune a kekensa yana kallo. Na zauna a bakin lambatun.

Clete ya leƙa. "Kai, wannan ai fensirin Nor..."

Orval ya dunƙule hannu. "Zanzaro ne."

"Zanzaro mai haƙora?"

"Na ce zanzaro ne, Clete. Kai ma shi ka gani. Ke ma, Jolene."

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, kuka ya riga maganar fitowa. Ya jefa guntun a aljihun rigarsa ya ce, "Riƙe mini sifanar nan, kuma kar ki jiƙa ta."

Kwana biyu muka yi a kan injin. Ya sa muka sake gwajin rami sau uku, minti goma-goma. Ya kwance fulogi huɗu ya jera a kan tsumma, ya murɗa kusarsa, ya koma bokiti. Ranar Laraba da hantsi likita ya ba mu Baba aron awa biyu. Clete ya kawo shi a gaban motarsa da tulun iskar numfashi a tsakanin ƙafafunsa. Ba taro, ba fanke, mu huɗu ne kawai. Na ba da wuta minti biyu, na dubi Orval. Ya gyaɗa kai.

Minti ashirin na yi ina kewaya filin. Duk sa'ad da na karkata fiffike sai in hango motar Clete, da hannu ɗaya ta taga yana ɗagawa. Da na sauka na zo gabansu, na jawo jan maɓallin a hankali. Injin ya ɗan ɗaga murya, sannan ya yi shiru.

"Ya yi sallama," in ji Orval.

Fuskar Baba sharkaf da hawaye. Da ya sami numfashi sai ya ce, "To, jaki, me ya same shi ranar Asabar?"

"Zanzaro ya yi gida a bututun iska."

Baba ya dube shi na ɗan lokaci. "Tsinannu," ya ce. Kwana tara bayan nan muka binne shi.

Yanzu Orval yana da shekara saba'in da tara. Watan jiya wani ya kashe injinsa a gabansa, muka ji sallamar, shi bai ji ba. Ya sa aka sake, bai ji ba. Ba wanda ya ce masa komai, shi da kansa ya tashi ya rataye bokitin a ƙusa ya ce kunnen da ba ya ji bai kamata ya gyaɗa wa kowa kai ba. Ko a nan ma bai yarda ya yi wa kansa alfarma ba.

Ku da kuke ƙera jirage a garejinku yanzu, har yanzu yana zuwa shan kofi ranar Asabar. Ku kai masa fulogi, idonsa garau yake. Ku zauna kusa da shi ku koyi juya wa jirgi baya, don fenti mai kyau yana rufe kunne. In kuma wata rana kun ji abin da bai kwanta muku ba, ku ɗauki bokiti ku kai gaban farfela ku zauna, ko da wanda ke zaginku abokinku ne, ko da ba ku san abin da kuka ji ba tukuna.

Kai kuwa, Orval, kunnen filinmu, kai ne ka zaɓi in tsane ka da in mutu. Kai ne ka ba mahaifina abin da ya roƙa, kuma ba ka bari ya same shi da farashin 'yarsa ba. Na gode. 'Ya'yana biyu da suka girma da uwa su ma sun gode.

Ga saƙonka. Saura kwana biyu Baba ya rasu, da rana ina gyara masa matashi, ya kama hannuna ya ce, "Jolene, zanzaro bai taɓa shiga bututun nan ba. Ni na toshe shi, da fensirina. Orval yana buɗe baki na tuna." Na fara kame-kame, ya ce in yi shiru. "Kar ki faɗa masa na sani. Ƙarya ɗaya ya taɓa yi a rayuwarsa, kuma bai iya ba, a bar shi ya ji daɗinta. Sai ranar da ya ajiye aiki ki gaya masa."

Na tambaye shi me zan ce.

Ya ce, "Ki ce masa ya dawo mini da fensirina in mun haɗu. Kuma ki ce na gode, tsohon jaki, da ba ka matsa ba."